Ga mai cikin fari da ke tambayar me za ta fara tanada

Assalamu alaikum. Ƙanwata, na ga tambayarki tun jiya da daddare, na bari sai da yara suka tafi makaranta don in samu natsuwar ba ki amsa. Kin ce cikinki ya shiga wata bakwai, haihuwar za ta faɗo cikin sanyi, kuna zaune a ɗaki da falo na haya a nan Kano, iyayenki suna nesa ba za ki je goyon ciki ba, surukarki ce za ta zo ta zauna da ke. Kuɗin da maigida ya ware kuma bai taka kara ya karya ba, kina so a faɗa miki me za ki fara saya. 'Yan'uwa sun jero miki kaya, daga gadon jariri har turamen fitar suna, Allah Ya saka musu da alheri. Ni haihuwata huɗu, kuma zan fara miki ne daga daren da na yi ta farko.

Babu abin da ban tanada ba na ranar suna. Sau uku na zaga Kantin Kwari da tsohon ciki, na cika akwati da kayan jariri, an kai ɗinki, an fitar da anko. Naƙuda ta tashi ƙarfe biyu na dare a watan Agusta, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya. Ba mu da mota. Maigida ya fita da tocila yana buga ƙofofin maƙwabta, mai motar da ya fara buɗewa kuma ya ce babu mai a cikinta. Da ƙyar muka isa asibiti. Na haihu lafiya, ban gama jin daɗin kukan yarinyar ba sai jini ya ɓalle. Aka ce a nemo leda biyu. Ina kwance, jikina ya yi sanyi ƙalau, ina jiyo muryar maigida a baranda yana kiran 'yan'uwa ɗaya bayan ɗaya, rabin wayoyin a kashe. Sai bayan asuba ƙaninsa ya iso aka ɗebi nasa. Har yau idan na tuna wannan muryar gabana faɗuwa yake yi.

Saboda haka kafin ki sayi ko safa ɗaya, ku zauna ke da maigida ku ware kuɗin asibiti, ku ajiye shi tsabarsa a inda hannu ba zai kai ba, don tura kuɗi ta waya yakan ƙi tafiya daidai lokacin da ake neman sa. Ku tsayar da mai mota ko mai adaidaita wanda ya yarda a tashe shi komai dare, ku kuma sami na biyu. A awonki na gaba ki buɗe baki ki tambayi rukunin jininki da yawansa, ki rubuta a bayan katin awo, sannan ku nemi mutum biyu da suka amince za su ba da jini, su san da maganar tun yanzu. Ki ci gaba da shan maganin ƙarin jini ko da yana tayar miki da zuciya, ki karɓi Fansidar ɗin da ake bayarwa a wajen awo da allurar tetanos. Idan kika ji ciwon kai mai tsanani, ko kina gani dishi-dishi, ko fuska da hannuwa sun kumbura, kada ki jira ranar awo. Haka jijjiga take fara sallama.

Jakar asibiti ki haɗa ta da zarar kin shiga wata takwas, ki ajiye a bakin ƙofa. Ki karɓi takardar abin da asibitinku ke buƙata don kowane da nasa tsarin, ki ƙara da tsofaffin zannuwa masu laushi kamar shida, audugar mata manya, hula da safar jariri, shawul, fulas, da fitila mai caji. Tufafin jariri kuwa kada ki zuba kuɗi a kansu. Cikin 'yan makonni yake fin ƙarfinsu, 'yan barka kuma za su kawo. Set shida na auduga sun ishe ki, kuma gwanjon Ƙofar Wambai idan aka wanke shi da kyau aka shanya a rana aka goge, ba shi da aibu. Gadon jariri na taɓa saya, ya ƙare a wurin zuba wanki. Ƙaramar katifa mai ɗan tauri kusa da ke ta wadatar, ba matashi, ba tulin barguna, a riƙa kwantar da shi a rigingine.

Ɗakin kansa, ki rage masa kaya tun kina da ƙarfi. A janye akwatuna da kwalaye a share bayansu, a ɗaura gidan sauro mai magani, a toshe ragar taga inda ta yage. Sai abu ɗaya da nake roƙonki da girman Allah: kada kafur ya kusanci kayan jaririn. Ɗana na uku, a akwatin da na zuba kafur don kyankyaso na ajiye kayansa. Rana ta uku na fito da shi falo wajen taga, sai na ga farin idonsa ya koma ruwan ƙwai, da na danna hancinsa da yatsa na ɗaga, wurin ya nuna rawaya. Wata baƙuwa ta ce shawara ce kawai, a shanya shi a hantsi. Allah Ya taimake ni ban saurara ba. Kwana huɗu ya yi a ƙarƙashin shuɗiyar fitilar asibiti, idonsa a rufe da ƙyalle. Likita ta yi mini bayanin cewa wasu jarirai, musamman maza, ana haifarsu da wani rauni na gado a ƙwayoyin jini, kafur yana sa ƙwayoyin su riƙa fashewa, kuma shawarar idan ta yi yawa ƙwaƙwalwa take taɓawa har abada. Ki riƙa duba idon ɗanki a hasken rana kullum a makon farko, fitilar ɗaki tana ɓoye launin.

Tun da cikin hunturu za ki sauka, za a ce a shigo da kaskon gawayi don ɗumama ɗaki. Kada a kwana da shi a ɗaki a rufe, haka janareta kada a tayar da shi a bakin taga ko a soro. Iskar da suke fitarwa ba ta da wari, barci take sa mutum ya wuce. Ɗumin da ya fi wa jariri shi ne ƙirjinki, fata da fata, a sa masa hula a lulluɓe ku tare. Turaren wuta ma ki riƙa yi a falo, sai hayaƙin ya washe a shigo da shi.

Yanzu ga abin da ya fi komai wuya, kuma ba a sayensa a kasuwa: ki daidaita da Hajiya surukarki tun kafin ki haihu. Ranar da kika dawo daga asibiti ba ki da ƙarfin musu, ga ɗinki, ga rashin barci, ga kunya irin ta haihuwar fari da ba ki ma iya ɗaga ido ki kalli ɗan a gabanta. Duk abin da ba a tsayar ba tun yanzu, yadda aka saba za a yi. Kuma ki sa a ranki ba mugunta ke sa su ba, da haka suka raini 'ya'yansu, mijin naki ma da haka ya tashi. Ni abin da ya yi mini aiki a haihuwa ta biyu, na roƙi surukata ta raka ni awo sau biyu. Ta zauna a benci ta ji bayanin da kunnenta daga bakin ma'aikaciyar jinya mai furfura kamarta. A hanyar dawowa ita da kanta ta ce, "Ashe dakashin nan magani ne muke zubarwa." Abin da ya rage kuma maigida na bari ya faɗa mata a matsayin maganarsa, don ɗa da uwa ba a shiga tsakaninsu.

Dakashi shi ne rigakafin farko, a sa jariri a nono cikin sa'ar farko ko da kina ganin babu abin da ke fita. Daga nan nono zalla har wata shida, ba ruwa, ba jiƙo, zuma kuma sai ya shekara. Zai riƙa nema sau takwas zuwa sha biyu a kwana da yini, wannan ba alamar nono bai isa ba ce. Cibiya kuma, ki nemi maganin shafawa na kuloheksidin a asibiti ko kemis, ki riƙa shafawa da hannu a wanke, ki kiyaye kada ya taɓa ido. Ba gashi da tsumma ko katanga, ba man goge baki, ba toka. Da kanta take faɗuwa, galibi cikin mako ɗaya zuwa biyu. Wanzami ya yi askin suna da sabuwar reza da kuka sayo da kanku, amma a gaya masa tun daga ƙofa ba za a cire beli ba.

Wankan jego na yi shi a duk haihuwata kuma ina jin daɗinsa, da ganyen darbejiya, amma a sirka ruwan yadda hannu zai iya zama a ciki. Idan aiki aka yi miki, sai abin da likita ya ce. Kunun kanwa ne nake so ki yi hattara da shi. Kanwa gishiri ce, tana riƙe ruwa a jiki tana ɗaga jini. Tun shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya suka yi rubutu kan ciwon zuciyar da ke kama masu jego a ƙasar Hausa, suka danganta shi da yawan kanwa da tsananin zafin da ake gasa mace da shi har arba'in. Kunun gyaɗa, kunun tsamiya, farfesun kauri, wake da ganye duk za ki iya ci. Idan kika ga kina haki, ƙafa ta kumbura, ba kya iya kwanciya flat sai an tokare ki da matasai, wannan ba gajiyar jego ba ce, a koma asibiti a ranar.

Kafin a sallame ku ki tabbatar an yi wa jaririn allurar BCG ta tarin fuka, an ɗiga masa na shan inna, an yi masa ta ciwon hanta, wadda aka fi so cikin awa 24. Sai ku koma a mako 6, 10 da 14. Ki adana katin a leda, maigida kuma ya karɓo takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya.

'Yan barka za su cika miki ɗaki da falon nan tun daga washegari. Ki ajiye buta da sabulu a bakin ƙofa, Hajiya ta zama ita ce mai cewa a wanke hannu, daga bakinta ba wanda zai ji haushi. Mai mura ya yi barka daga nesa. Ki kuma nemi yarinya ko ƙanwa da za ta riƙe girki da wanki ko na sati biyu ne, don tsohuwa ɗaya ba za ta iya dafa ruwan wanka, ta yi tuwo, ta karɓi baƙi ba. Garin kunu, yajin jego, gawayi ko gas, sabulun wanki, a tanade su tun wata tara bai kama ba. Idan kuma bayan sati biyu kina jin kuka yana zuwar miki ba dalili, ko ba kya son ɗaukar ɗan, ki faɗa wa maigida ko ma'aikaciyar jinya. Yana faruwa da mata da yawa, kuma ana magance shi.

Suna kuwa, abin da ya rage bayan duk wannan shi za ku yi da shi. A raɗa suna, a yanka rago gwargwadon hali, a dafa abin da ya sawwaƙa. Sunan ɗana na huɗu atamfa ɗaya na ɗinka, kuma a ranar ina zaune da ƙarfina ina amsa gaisuwa.

Idan kin je awon wannan makon ki dawo ki faɗa mana abin da aka ce game da jininki. Allah Ya raba ku lafiya, Ya ba ki mai albarka.