Amsa ga mai tambaya kan kamfanonin mai da wuta na gwamnati

Salam ɗan'uwa. Ka tambaya wai da gaske ne ƙasashe na amfani da kamfanoninsu na mai da gas da wuta wajen juya wasu ƙasashe, ko dai kasuwanci ne kawai mutane ke shafa masa siyasa. To ni wlh ba labari aka ba ni ba, a jikina na ji.

A 2023 ina Maraɗi, muna da wurin ƙanƙara da ruwan leda ni da yayana. An yi juyin mulki a Nijar ran 26 ga Yuli aka tsare shugaban ƙasa Bazoum, ECOWAS ta zauna ran 30 ta sa takunkumi, farkon Agusta kawai sai Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar, kuma wutar nan kusan kashi 70 cikin ɗari ce na abin da ƙasar ke sha. Daga Yamai har Maraɗi da Damagaram aka koma kawo wuta na ɗan lokaci a ɗauke, firizoji su narke, ka tayar da janareto kuɗin mai ya cinye ribar, ga boda a rufe kaya sun yi tsada, mu namu ma da sauƙi, ka tuna masu haihuwa da dare a asibiti. Abin da nake so ka gane shi ne ba bashi ya sa aka yanke ba, ba kuma injiniyoyi ne suka ga dama ba, umarni ne daga sama. Kamfanin ɗan kasuwa yana tsoron rasa kwastoma, na gwamnati kuwa wanda ya naɗa shugabansa shi yake ji.

Ita kanta wayar ai siyasa ce ta ja ta tun asali. Kogin Kwara ta Nijar yake ratsowa kafin ya iso dam ɗin Kainji da ke ba Najeriya wuta, aka fahimci juna a kan Najeriya ta ba su wuta su kuma kar su tare ruwa. Ka ga tun ran farko igiya ce mai baki biyu.

Bayan abin ya same mu ne na fara bibiyar labarin Gazprom, kamfanin gas na gwamnatin Rasha, sai na ga salon ɗaya ne. A Janairun 2009 rigimarsu da Yukren ta sa aka rufe gas ɗin da ke bi ta Yukren zuwa Turai wajen sati biyu a tsakiyar hunturu, mutanen Bulgeriya suka sha sanyi alhali ba su ci ba ba su sha ba. A Afrilun 2022 aka yanke wa Poland da Bulgeriya don sun ƙi biya da kuɗin Rasha, ƙarshen Agusta kuma bututun Nord Stream mai kai gas ɗin Rasha Jamus ya tsaya. Jamus da ta saki jiki saboda araha har fiye da rabin gas ɗinta daga Rasha yake zuwa, ita ta fi kowa shiga ruɗani.

Chaina kuma nata daban ne, ba ta yankewa, shiga take yi har ka kasa rabuwa da ita. CNPC, kamfanin mai na gwamnatin Chaina, ita ce ke da kashi 60 na matatar SORAZ ta Damagaram tun 2011, ita ta ja bututu kusan kilomita 2,000 daga rijiyoyin mai na Agadem zuwa gaɓar teku a Benin, kuma a 2024 da kuɗi suka yanke wa gwamnatin sojan Nijar ita ta ba da dala miliyan 400 a biya da ɗanyen mai. Wanda ya ciyar da kai ranar yunwa da wuya ka ɗaga masa murya a taro.

Sai dai abin na da illa ga mai yankewar shi ma, wannan ne ke damuna a matsayina na ɗan Najeriya. Turai ta nemi gas a wasu wurare, Nijar ta kunna tashar sola ta Gorou Banda mai megawat 30, tana kuma sa rai da dam ɗinta na Kandadji a kan Kogin Kwara. An ɗage takunkumi a Fabrairun 2024 wuta ta dawo daga baya, amma har yau abokan cinikinmu na Maraɗi ba su daina yi min maganar ba, yayana kuma sai da ya sayar da filinsa ya haɗa sola a rufin shagon.