Me ya sa gilashina ya fito babu komai, nasu ya nuna ƙwayar kuturta?

Tambaya: Assalamu alaikum Baba. Ni ma'aikaciyar labo ce a wata ƙaramar likita nan Maraɗi, shekarata biyu da kama aiki, kuma galibin aikina gwajin majinar masu tari ne. Kwanan baya aka turo mini wani magidanci mai tabbuna a baya da cinya, kunnuwansa sun yi kauri, ana zaton kuturta. Na kankaro fatarsa na shafa a gilashin gwaji, na rina da kayan da nake rina majina, ban ga komai ba, na rubuta babu. Daga baya aka yanki ƴar tsokar fatarsa aka aika Yamai, takarda ta dawo cewa rinin Fite-Faraco ya nuna ƙwayoyi jingim. Na ji kunya ƙwarai. Ina na kuskure, kuma mene ne wannan Fite ɗin?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗiyata. Ajiye kunyar nan gefe, kusan duk wanda ya zo aikin kuturta daga teburin tarin fuka ya taɓa faɗawa ramin nan, har da ni. Zatona mafi ƙarfi shi ne kin rina ƙwayoyin daidai, sannan kika wanke su da hannunki.

Ƙwayar tarin fuka da ta kuturta ƴan gida ɗaya ne, dukansu sanye da riga mai maiƙo wadda rini ba ya shiga da sauƙi, in kuma ya shiga ba ya fita da sauƙi. A kan wannan hali aka gina rinin Ziehl-Neelsen tun shekarun 1880: a jiƙa gilashi da jan rinin nan na karbol-fuksin mai kama da garura, a zuba asid ya kwashe jan daga komai sai ƙwayar da ta riƙe shi, a bi da shuɗin metilen don fili ya yi shuɗi, ƙwayar ta fito ja. To amma riƙon nasu ba ɗaya ba ne. Ta tarin fuka kamar turin karofi take, sai ki wanke ki sake wankewa yana nan. Ta kuturta kuwa rinin ƴan kasuwa ne, ruwa mai kaifi kaɗan ya ishe shi ya zuba. Asid ɗin da ke kan teburinki na majina, ko dai sulfurik ne mai ƙarfin kashi 20 zuwa 25 cikin ɗari, ko asid da alkol mai kashi 3. Kuturta ba ta jure wannan. Nata shi ne asid da alkol kashi 1, daƙiƙa 10 zuwa 20 kawai, ko sulfurik kashi 5, bayan jan rinin ya zauna minti 20.

Wuri na biyu da ake zamewa shi ne ɗibar kanta. Mutumin da kunnuwansa suka yi kauri, fatar kunnen ce taskar ƙwayoyin, daidai inda mata ke huda ɗan kunne, domin ƙwayar tana son wurare masu sanyi na jiki. Ki matse wurin tsakanin babban yatsa da manuni har ya yi fari fat, kada ki saki. Ki tsaga da reza mai lamba 15, tsawon milimita 5, zurfin 2 zuwa 3, ki juya bakin rezar ki kankaro gefen tsagar. Ruwan tsoka ake so, fari-fari mai ɗan danƙo. In jini ya fito, ki share ki sake matsewa, don jini yana tsinka samfurin, yana kuma rufe ƙwayoyin. Wanda ya koya mini aikin yakan ɗaga gilashina ga hasken taga, in ya ga ja-ja ya miƙo mini ba tare da ya ce uffan ba. Ki ɗiba daga kunne da gefen tabo mafi ɗanye, aƙalla wurare biyu ke nan.

Sai batun Fite. Tsokar da aka aika Yamai ta sha wahalar da gilashinki bai sha ba. An saka ta cikin formol mai kashi 10, ruwan da ke hana tsoka ruɓewa, an tsane ruwanta da alkol, an dasa ta cikin kakin kyandir don ta yi tauri, an feƙe ta sala-sala, kowane sala bai wuce kashi 4 ko 5 cikin dubu na milimita ba. Kafin a rina dole a cire kakin nan, abin da ke narkar da shi kuwa wani sinadari ne mai suna zailin. Ga inda gizo ke saƙar: zailin da alkol ba su san bambancin kakin kyandir da maiƙon rigar ƙwayar ba, duka suke lashewa. Ƙwayar da aka tuɓe wa riga ba za ta riƙe ja ba, sai a duba tsoka cike da cuta a ce lafiya lau.

Maganin da aka samo zai ba ki dariya a matsayinki na ƴar Maraɗi: man gyaɗa. José Faraco na Brazil ya kawo dabarar amfani da mai a 1938, George Fite da abokan aikinsa na Amurka suka gyara ta a 1947. Ana gauraya zailin kashi biyu da man gyaɗa kashi ɗaya, a tsoma gilashin sau biyu, kamar minti 10 zuwa 12 kowane tsomi. Zailin yana narkar da kakin, man kuma yana lulluɓe ƙwayar yana kare maiƙonta. Daga nan ba a kusantar alkol tsantsa. A tsane man da takardar tsotso har salan ya yi dishi-dishi, a ɗauraye da ruwa, a zuba karbol-fuksin ba tare da wuta ba na minti 20 zuwa 30, a wanke da asid mai rauni har tsokar ta koma ruwan hoda, a ɗan taɓa ta da shuɗi. A ƙarshe ma ba a bi ta cikin alkol kamar sauran rinuka, tsanewa ake yi a bar ta ta bushe, sannan a rufe. Wani likita mai suna Wade ya zo da nasa salon da wani man daban, shi ya sa za ki ga wasu takardun sun rubuta Wade-Fite, amma hikimar ɗaya ce. Garin nan da gyaɗa ta gina, mata na matse ƙuli a kowace unguwa, ga shi man nata ne ke tona asirin ƙwayar da likita Hansen ya fara gani a Bergen ta Norway tun 1873. Sai dai ban ce ki ɗebo na tuyar ƙosai ba, tatacce mai tsabta ake nufi.

A madubin duba ƙwayoyin cuta, da ɗigon mai da idon madubin da ke ƙara girma sau 100, za ki ga jajayen sanduna siraru, wasu a ware, wasu a ɗaure kamar damin kara, wasu kuma a dunƙule cikin ƙwayoyin jiki masu kumfa. Ana ƙirga su da ma'aunin Ridley, daga 0 zuwa 6+. In 1 zuwa 10 kika gani a fili 100 (fili shi ne abin da madubi ke nunawa a duba ɗaya), 1+ ke nan. In 1 zuwa 10 ne a kowane fili, 3+. In sun haura 1000 a fili ɗaya, 6+. Kada ki rubuta 0 sai kin zagaya fili 100 cif. Ki kuma lura da siffa: sandar da ta rinu sumul daga kai zuwa gindi ana ɗaukar ta mai rai, wadda ta kakkarye ko ta zama ɗige-ɗige matacciya ce. Gawar ƙwayar tana daɗewa a fata, ma'aunin ba ya sauka da fiye da kusan mataki ɗaya a shekara, don haka wanda ya gama magani gilashinsa na iya nuna ja har shekaru, ba kuwa dawowar cutar ba ce.

Akwai abin da nake so ki riƙe fiye da duk wannan lissafi. Ko kin yi komai daidai, babu a gilashi ba ta wanke mutum daga kuturta. Sai ƙwayoyi sun kai kimanin 10,000 a giram ɗaya na tsoka kafin madubi ya kama su, ga shi ba ta tsirowa a kwanon labo balle a shuka ta a jira. Mai tabo ɗaya ko biyu wanda jikinsa ke yaƙar cutar da ƙarfi, sau da yawa har Fite ba ya nuna komai. A nan rinin yau da kullum na hematoksilin da eyosin ne ke magana, ya nuna ƙwayoyin garkuwa sun yi wa ƴar jijiyar fata ƙawanya suna cin ta, abin da da wuya wata cutar fata ta yi. Dalilin ke nan da ake so yankan ya nutsa har kitsen ƙarƙashin fata inda jijiyoyin suke. Akwai rini mai ƙyalli na oramin, akwai gwajin PCR mai gano sinadarin halittar ƙwayar, amma waɗannan na manyan ɗakunan gwaji ne. A karkara zaren audugar da ake taɓa tabo da shi ya fi su aiki: tabo mai haske da ba ya jin taɓi, ko jijiya mai kauri tare da mutuwar ji, kowanne shi kaɗai ya isa a fara magani. Masu aiki a asibitin Danja, kudu da gari, sun fi shekara sittin suna raba tabon kuturta da ƙyasfi ta wannan hanya.

Shi magidancin naki, tunda an ga ƙwaya, yana rukunin masu ƙwayoyi da yawa: rifampisin da dapson da kulofazimin wata 12, kyauta. A gaya masa tun yanzu na ukun zai duhunta masa fata na ɗan lokaci, kada ya tsorata ya daina, a kuma duba mutanen gidansa. Ke kuma ki haɗa kwalbar asid kashi 1 ta daban, ki rubuta mata suna da manyan baƙaƙe, ki riƙa tace jan rininki kafin amfani don gurɓinsa yana kwaikwayon ƙwaya. In ya dawo karɓar magani, ki roƙe shi ki ɗebi gilasai uku ko huɗu daga kunnensa, ki ɗan gitta su kan harshen wuta don samfurin ya kafu, ki adana. Duk ranar da za ki rina na wani, ki jera ɗaya daga cikinsu a gefe, in shi bai yi ja ba, kada ki sa hannu a takarda.