Duron kyafa nama: kafin ka kai wa mai walda, me aka taɓa zubawa a ciki?

Babbar Sallah na ƙaratowa, shi ya sa tambayoyin wannan makon kusan duk suka karkata wuri guda: yadda za a mai da duron ƙarfe wurin dafa nama da hayaki. Na haɗa masu kama da juna, na rage tsawon wasu. Wanda bai ga tasa ba ya duba ta maƙwabcinsa, amsarsa na ciki.

Tambaya: Baba, na ga bidiyon Amurkawa suna tsayar da duro su sa nama ya wuni yana dahuwa da hayaki. Daidai yake da rabin duron masu balangu? Me zan ce wa mai walda ya yi min? (Matashi daga Pantami)

Amsa: Ba daidai ba ne, ɗana. Rabin duron bakin titi a kwance yake, a buɗe, garwashi dab da nama, ana juyawa ana shafa mai. Wanda ka gani a tsaye yake da murfinsa, wuta na can ƙasa, zafin ciki bai wuce digiri 110 zuwa 120 na ma'aunin Celsius ba, kuma 'yar iskar da ka bari ta shiga ce ke riƙe wutar.

Nemi duro mai cin lita 200, irin wanda murfinsa ke fita gaba ɗaya da zoben ɗaurewa, don kada a yi yanka. Tsayinsa kusan santimita 88 ne, faɗinsa kusan 57. A huda ƙofofin iska uku a jikinsa, kamar yatsu uku daga gindi, kowacce faɗin santimita 2, a yi musu abin toshewa. A haɗa maka kwandon gawayi da rodi, a sa masa ƙafafu don toka ta zube ƙasa kada ta kashe wutar. Ragar nama ta zauna kan noti huɗu, kimanin santimita 60 sama da gindin kwandon gawayin, da tazarar da kaza za ta shiga ƙarƙashin murfi. A huda murfin don hayaki ya fita, ka kuma sayi ma'aunin zafi mai dogon tsinke. Ba ado ba ne, shi ne idonka.

Ka cika kwandon da gawayi, amma kaɗan za ka kunna ka ɗora a sama, wutar ta riƙa ci tana sauka a hankali. Zafi ya yi yawa, toshe ƙofa ɗaya. Ya yi ƙasa, buɗe. Kada ka yi ta ɗaga murfi kana leƙe, duk ɗagawa iska ce ka ba wutar. Kaza takan ɗauki awa uku, haƙarƙarin rago huɗu zuwa biyar, ƙirjin sa kuwa yakan kai goma. Sannan kada bidiyon ya ruɗe ka: shanunsu na turke ne, kitse ya ratsa tsokarsu, namu kuwa sun sha tafiya. Idan ka bi lokacinsu ido rufe, abin da za ka fitar zai fi kilishi tauri. Sa kwanon ruwa tsakanin wuta da nama, ka zaɓi yanka mai kitse.

Tambaya: Wani dillalin maganin feshi ya bar min duro a rabin kuɗin na kasuwa. Na wanke shi da omo sau uku, zan kuma ƙone shi da wuta. Ai shi ke nan ko? (Magidanci daga Kumo)

Amsa: Ba shi ke nan ba, Malam. Mayar masa da duronsa. Idan ya ƙi karɓa, huda gindinsa yadda ba wanda zai ƙara tara ruwa a ciki, ka ɗauki asarar.

A nan zan daɗe, domin wannan ne abin da ya fi damuna a duk maganar. Mutum zai tafi kara ya wuni yana duba haƙoran rago, ya taɓa wuya, ya ɗaga jela, ya yi ciniki har muryarsa ta dushe. Amma tukunyar da zai rufe naman a ciki awa shida da zafi, sai ya ɗauko ta daga hannun wanda bai sani ba, don kawai an rage masa kuɗi. Araha ba ta ado. Abin da ka rage bai kai kuɗin kwana ɗaya a gadon asibiti ba, kuma ba kai kaɗai za ka ci naman nan ba. Akwai yara, akwai mai ciki, akwai maƙwabtan da za a aika wa.

Omo yana wanke abin da hannu ya kai. Duro kuwa yana da naɗi a gindi da baki, inda aka lanƙwasa ƙarfe kan ƙarfe, kuma nan ne magani ke maƙalewa ya bushe. Ka wanke sau goma, yana nan. Ranar da zafi ya ratsa ƙarfen sai ya tashi ya zama tururi a cikin rufaffen wurin da namanka yake. Ƙonawar da kake taƙama da ita tana cire fenti da man girki, ba ta ba ka tabbacin ta kashe maganin ƙwari ko na ciyawa ba, kuma hayakin ƙonawar kansa kai da 'yan unguwarku za ku shaƙa. Haka duron baƙin mai, da na kwalta, da na sinadarin fenti. Na man taransifoma ya fi su duka muni, domin wasu tsofaffin irinsa idan suka ƙone, gubar da suke fitarwa ta fi ta asali illa.

Mu a Gombe ƙasar noma muke, daga Kumo zuwa Bajoga magani ake feshawa kowace damina, saboda haka mazubin magani ba ya wuyar samu. Ga kuma dabarar da wasu masu sayarwa suka koya: a ɗauraye duro, a kankare takardar jikinsa, a fesa masa sabon shuɗin fenti, sai ka ji an ce "na man gyaɗa ne, Alhaji." Tsohon duro mai sabon fenti abin tuhuma ne, ba abin sha'awa ba. Wanda bai ɓoye komai ba ba ya kashe kuɗin fenti. Ka nemi mai takardarsa a jiki. Ka buɗe ka sa hanci, man girki ba ya ɓuya, warin magani ma haka. Ka haska tocila ka duba gindin. Mafi alheri ka saya daga hannun wanda ya juye abin da ke ciki, mai sayar da man girki ko gidan da ake sarrafa abinci, ba daga hannu na huɗu ba. Wanda ya amsa maka da "wallahi ban sani ba" ya gaya maka gaskiya, ka gode masa ka wuce.

Ko duron abinci ne, akwai sauran aiki. Wasu cikinsu na da shafe ja-ja ko ruwan ƙasa, wanda aka yi don kada ƙarfe ya taɓa kayan. Wannan sai ya fita tas. A kai duron bayan gari, a cika shi da busasshen itace, a bar wuta ta ci har fentin waje ya zube, kai kuma ka tsaya ta inda iska ke fitowa. Ya huce, a goge da burushin waya har farin ƙarfe ya fito, a wanke, a shafe cikin da man gyaɗa, a kunna gawayi babu nama na 'yan awoyi. Tokar fentin nan kada a bar yara su yi wasa a kanta, a haƙa rami a binne. Wasu fentocin ƙarfe na da dalma. Wanda ya tuna Zamfara a 2010, inda yara sama da 400 suka mutu, ya san abin da dalma ke yi wa ƙaramin yaro. Tasu daga duwatsun zinariya ta fito, amma gubar ɗaya ce.

Saura maganar da nake so masu walda su ji. Duron da ya taɓa cin fetur ko wani abu mai kama wuta, ko ya shekara a bushe, ba a sa masa injin yanka ko wutar walda yana rufe. Ba ruwan man ne ke fashewa ba, tururin da ya rage ne, shi ya sa wanda babu komai a ciki ya fi cikakke haɗari. Yaron shago ake miƙa wa irin wannan aikin, shi ne fuskarsa ke kan ƙarfen. Duk duron da za a yanka a buɗe bakinsa, a cika shi da ruwa tukuna.

Tambaya: Duron roba ya fi sauƙin samu. Idan na shimfiɗa yashi a gindinsa zai yi? (Ɗalibi daga Tudun Wada)

Amsa: A'a. Roba ce, wuta ce. Karatun me kake yi?

Tambaya: Maigidana ya haɗa irin wannan duro, yara sun ci kazar sun ji daɗi. Sai wata ta ce min naman hayaki na kawo ciwon daji. Tun ranar ban samu barci ba. Na cuci 'ya'yana ne? (Uwargida daga Tumfure)

Amsa: Kwantar da hankalinki, 'yata, ba ki cuci kowa ba. Kaza ɗaya ko naman Sallah ba ya sa wa yaro wannan ciwo. Abin da ƙawarki ta ji yana da tushe, amma ta kawo miki rabinsa. Idan kitse ya ɗiga cikin garwashi ya tashi da baƙin hayaki mai kauri, ko nama ya ƙone ya yi baƙi, akwai sinadaran da ke manne masa waɗanda yawan cin su shekara da shekaru ke ƙara haɗarin. Maganin a hannunku yake. A sa faranti ko kwanon ruwa ya tare kitsen. A jira farin hayakin farko ya wuce, sai ya koma siriri da ƙyar ake ganinsa kafin a ɗora nama. Inda ya ƙone a yanke a yar.

Abin da ya fi kusa da yaranki shi ne kazar da ba ta dahu ba. Naman hayaki yakan yi ja-ja a gefe ko ya nuna, saboda haka launi ba ya faɗin gaskiya. A soka ma'auni a cinya, ya kai digiri 75. Kuma ki tambayi maigidan, cikin lalama, inda ya samo duron da abin da ya yi raga da shi. Idan ragar tsohuwar fanka ce ko ta firji, a canza, domin fenti ko roba ke jikinsu. Ƙarfe mai ƙyalli irin na kwanon rufi ma kada ya kusanci wuta, tutiyar da ke jikinsa na fitar da hayaki mai sa zazzaɓi. Rodi zalla ya isa. Allah ya raya miki su.

Tambaya: Ina kiwon tarwaɗa, wani lokaci masu saye su karya min farashi don sun san ba zan iya ajiyewa ba. Duro zai ishe ni yin banda? (Mai kiwon kifi daga Dadin Kowa)

Amsa: Tunaninka daidai ne, ƙanena, wanda ke da banda ba a yi masa cinikin dole. Amma duro ɗaya na gwaji ne da cin gida. Ko ka jera raga uku, ta ƙasa za ta ƙone kafin ta sama ta bushe, sai ka yi ta sauya su. Fara da shi ka koyi hannu, ka ga ko kasuwar Gombe za ta karɓi naka. Idan ta karɓa, gina murhun laka ko bulo mai faifan raga da ake jerawa kan juna, irin wanda aka ƙirƙiro a Chorkor ta ƙasar Gana a 1969. Yana ɗaukar kifi da yawa, yana cin itace kaɗan. Cibiyar binciken adana amfanin gona ta NSPRI da ke Ilori ma tana da nata injin bandar na ƙarfe, idan jarinka ya kai.

Ka sani kifin da ya dahu daban, wanda ya bushe daban. Na awa uku zuwa huɗu yana da daɗi, amma kwana biyu zai yi ya fara wari. Na ajiya sai an cire ciki, an jiƙa a ruwan gishiri, an bi shi da ƙaramar wuta har ya bushe ƙayau, ya huce sarai kafin a sa a kwali. Kuma ina roƙonka da girman Allah, kada fiya-fiya ko Sniper su kusanci kifinka don korar ƙuda da ƙwari. Irin wannan maganin ne ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar da wakenmu a 2015. Su sun iya hanawa. Mai sayen kifinka a tasha ba shi da wurin gwaji, miya kawai zai kai shi.

Tambaya: Wane itace ya fi, kuma zan iya shigar da duron ɗakin girki idan ana ruwa? (Mai sayar da kaji daga Bolari)

Amsa: Gawayi mai nauyi, irin na ƙirya, shi ne wutar. Don ƙamshi ka jefa guntaye biyu ko uku na busasshen marke, tsamiya ko gwaba, totuwar masara ma tana yi. Darbejiya na sa ɗaci. Tumfafiya da duk itace mai farin ƙaro ka bar su. Katakon da aka yi wa fenti ko maganin gara, da ragowar filawud daga shagon kafinta, ba na abinci ba ne. Kada ka tada wutar da leda ko kananzir, warin zai zauna a duron.

Ɗakin girki kuwa, a'a. Gawayi na fitar da iskar da ba ta da wari ba ta da launi, tana sa mutum barci ya wuce daga nan. Kafa rumfar kwano a tsakar gida, gefe a buɗe, nesa da zana da buhunan hatsi, ka ɗora duron kan bulo uku.