Amsa ga ɗan'uwan da aka ba wa mako biyu ya tashi daga gidan Lokos

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, tun jiya da daddare na karanta tambayarka, kuma ta tsaya mini a rai don na taɓa shiga irin wannan halin. Ka ce shekara tara kana haya a gidan Lokos, wato irin gidajen da gwamnati ta gina wa masu ƙaramin ƙarfi, a hannun wanda gwamnati ta ba wa gidan tun farko, kana biya shekara-shekara. Yanzu hukumar gidaje ta manna sanarwar tantance mazauna, shi kuma ya ba ka mako biyu ka kwashe kayanka ko ya yaye kwano. Kana tambaya, ka tashi ko ka zauna?

Kada ka tashi a kan maganar fatar baki. A dokar da ake aiki da ita a Abuja da jihohi da dama, mai biyan hayar shekara notis ɗin wata shida ake ba shi a rubuce, mai biyan wata-wata kuma wata ɗaya, sai fa in kun sa hannu a yarjejeniyar da ta faɗi wani wa'adin daban. Idan wa'adin ya cika, akwai wata takardar ta kwana bakwai, bayan ita sai kotu. Alƙali ne ke ba da umarnin fitar da mutum, ma'aikatan kotu ne kuma ke zartarwa. Yaye kwano, sauya kwaɗo, yanke wuta, watso kaya waje, duk ɗaukar doka a hannu ne. Ko gwamnati ba a yarje mata ba: a 1986 Kotun Ƙoli ta yi tir da gwamnatin soja ta jihar Legas saboda fitar da Ojukwu, tsohon jagoran Biyafara, daga wani gida a Ikoyi da ƙarfin tuwo alhali magana tana gaban kotu. In ya kai ka wurin 'yan sanda ma kada gabanka ya faɗi, dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama mutum a kan saɓanin yarjejeniya kawai.

Sai dai akwai ramin da ni na faɗa, ba na son ka faɗa. Da na gano gidan da nake ciki har lokacin sunan hukuma ne a kansa, kuma mai gidan nawa ya yi shekaru bai kai musu ko sisi ba, sai zuciya ta ɗebe ni. Na ce ai gidan gwamnati ne, ba zan ƙara ba shi kuɗi ba. Wata bakwai na riƙe haya. Ranar da na zauna da lauya, abin da ya fara gaya mini shi ne na sare ƙafata da hannuna. Wanda ya shiga gida ta hannun mutum yana biyan sa haya, ba ya juyowa ya ce gidan ba nasa ba ne, bashin haya kuma shi ne hujjar da ta fi saurin kayar da ɗan haya. Sai da na ranto na biya. Don haka ka ci gaba da biya, ta banki, ka ajiye shaida. In ya ƙi karɓa, ka rubuta masa takarda cewa ka kawo ya ƙi, ka riƙe kwafi.

Yanzu ka fahimci me ke firgita mai gidanka. Da yawa daga gidajen nan tun zamanin Shagari ne, tsakanin 1979 da 1983, lokacin da aka tsara gina gida 2,000 a kowace jiha duk shekara, wasu kuma jihohi suka gina. An raba su ne don mai ƙaramin ƙarfi ya zauna da iyalinsa, shi ya sa takardar rabon kan zo da sharaɗin kada a ba da haya ko a sayar sai da izini. Cikin shekara arba'in gida ya bi hannu uku ko huɗu, wani ma ya shiga rabon gado, amma fayil yana nan da sunan farko. In masu tantancewa suka zo suka tarar da kai, sun kama shi da karya sharaɗi. Kuma mutane ba su manta da 2005 ba, da aka sayar da gidajen gwamnatin tarayya a Abuja zamanin ministancin El-Rufa'i, aka fara ba ma'aikatan da ke zaune a ciki dama. Tsoronsa kada ya rasa gidan, ko a yi maka tayinsa.

Zan gaya maka gaskiya ko da ba daɗi: shekara taranka ba ta mallaka maka gidan ba, kuma hukuma ba ta yi yarjejeniya da kai ba. In ta soke rabonsa, kai ma zamanka ya girgiza. Amma in masu tantancewa sun zo, kada ka yarda ka ce kai ƙanensa ne ko mai gadi, kamar yadda na ga an sa maƙwabtana sun yi. Wani dattijo da ya faɗi haka, daga baya ya rasa bakin cewa shi ɗan haya ne, rasidan da ke hannunsa suka zama suna ƙaryata shi. Har yau abin yana yi mini ciwo.

Tawa ta ƙare ne a zauren mai unguwa. Aka ba ni wata shida, aka cire kuɗin rijiya da sokawe da na gina daga haya, muka rubuta, shaidu huɗu suka sa hannu. Sulhu ya fi sauri, amma ka tafi da takardunka, kuma duk abin da aka yanke a rubuta shi a wurin.

A makon nan ka tattara rasidai da shaidar banki, ka ɗauki hoton sanarwar hukuma da na ɗakunan yadda suke, ka adana saƙonnin barazanar da ya turo. Ka kai su ofishin hukumar ba da agajin lauya kyauta ta tarayya da ke babban birnin jiharku, korafin da ya shafi hukumar gidaje kuma akwai hukumar karɓar koke-koken jama'a. Ka kuma duba mana ko akwai yarjejeniya a rubuce tsakaninku, da ranar da hayar bana za ta ƙare, domin lissafin notis ya danganta da su.