Tsofaffin kekunan hawan dutse: a dakata da fenti tukuna

Wani mai sayar da kekuna na hannu a Kano ya aiko da tambaya. Ya ce a kwantenar da suka haɗa kuɗi suka saro wannan karon ya tsinci tsofaffin kekuna masu giya da faffaɗar taya guda 14, da sunaye irin su Specialized, GT, Trek, Schwinn da Mongoose. Abin da ya saba shi ne ya ba yara su kankare, a fesa fenti, a manna sabuwar sitika, a fitar bakin shago. Sai ɗansa ya ce ya gani a intanet Turawa na sayen irinsu da tsada. Ya ajiye su ya nemi Turawan ne, ko ya yi yadda ya saba?

Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Kafin komai, ka tsayar da yaran nan, kada sanfefa ta taɓa ko ɗaya daga cikin kekunan sai ka tantance su. Ɗanka bai yi ƙarya ba, amma rabin labarin ya gani. Masu tara tsofaffin kekuna suna biyan kuɗi ne idan abu uku suka haɗu: sunan kamfani, shekarar da aka ƙera, da kuma kasancewar keken yana nan yadda ya fito, da fentinsa da sitikarsa da kayansa na asali. Ranar da ka fesa masa sabon fenti ka shafe shaidar da ake saye.

Dalilin da ya sa shekara take da muhimmanci haka yana cikin tarihin keken. Wannan nau'i bai tsufa ba. A shekarun 1970 ne wasu samari a yankin Marin na jihar Kalifoniya a Amurka suka riƙa ɗauko tsofaffin kekunan Schwinn na shekarun 1930 da 1940 suna gangarowa da su daga kan tsauni. A 1976 suka fara wata tsere da suka kira Repack, wato sake cusawa, saboda kafin mutum ya kai ƙasa giris ɗin birkin baya ya ƙone, dole a sake cusa wani. Da tsofaffin firam ɗin suka gaji da karyewa, Joe Breeze ya ƙera sabo musamman don wannan aiki a 1977, kuma keken nasa na farko yanzu yana gidan tarihi na Smithsonian a Washinton. A 1979 Gary Fisher da Charlie Kelly suka buɗe kamfani, Tom Ritchey yana haɗa musu firam da hannu, suna sayar da keke ɗaya sama da dala 1,000. Sai Specialized ta zo a 1981 da Stumpjumper, wanda aka ƙera a Japan da yawa, aka sayar dala 750. Daga nan kasuwa ta ɓalle.

Akwai abin da ya faru da Fisher da Kelly da nake so kowane ɗan kasuwa ya riƙe. Kamfaninsu sunansa MountainBikes, wato kekunan tsauni. Sun nemi a yi musu rajistar sunan ya zama mallakinsu, ba su samu ba, sunan ya zama na kowa da kowa, har yau da shi duniya ke kiran irin keken. Su suka share gona, wasu suka kwashi amfani. Shi kansa Fisher daga baya Trek ta saye kamfaninsa a 1993, ta ƙara da Klein da Bontrager a 1995.

To, nan ne maganar kekunanka take. Hausawa sun ce suna linzami ne, amma a harkar keke suna haja ce, ana sayar da shi kamar yadda ake sayar da shago da kayan cikinsa. Schwinn ta karye a 1992, ta sake karyewa a 2001, kamfanin Pacific Cycle ya saye sunan ya riƙa manna shi a kan kekuna masu araha da ake jibgewa a manyan kantuna irin su Walmart. Mongoose ma a hannun wannan kamfani ta ƙare. Saboda haka Schwinn biyu za su iya tsayawa gefe da gefe a shagonka, rubutu iri ɗaya, ɗaya abin nema, ɗaya kuwa ko a can ƙasarsu kyauta ake bayarwa. Mu da muka tashi da Raleigh, har da masana'antarta a Kano, ba baƙon abu ba ne a wurinmu: dattijo yakan ɗaga keke ya ce wannan ba irin ta da ba ce, alhali tambarin bai canza ba.

Yadda za ka tantance ba ya buƙatar komai sai ido da waya. Kada ka tsaya a babban sunan, karanta ƙaramin da ke kan sandar sama. A gidan Specialized, Hardrock ne na ƙasa, Rockhopper na tsakiya, Stumpjumper na sama. A Trek, 800 da 820 na kowa da kowa ne, 950 da 970 kuwa wani aji ne daban. GT ana gane ta daga nesa, domin sandunan baya suna wuce sandar sirdi su haɗu da ta sama, su bar ɗan ƙaramin kusurwa uku a ƙarƙashin sirdi. In ka ga an rubuta Zaskar a jikinta, shigar da ita ciki ka rufe. Sannan ka duba 'yar sitikar da ke faɗin irin ƙarfen. In ka ga Tange Prestige, True Temper, Reynolds ko Columbus, ƙarfe ne mai daraja. In ka ga Hi-Ten, ƙarfe ne na gama-gari, mai nauyin banza.

Abin da na fi yarda da shi shi ne na'urar canza giya ta baya, domin ita ba ta cika ƙarya ba. Ba kasafai kamfani ke ɗaura kaya masu tsada a kan firam mai araha ba. A kayan kamfanin Shimano, Deore XT, wanda ya fito tun farkon shekarun 1980, da XTR na farkon shekarun 1990, su ne manya. Deore LX da DX ma ba laifi. Tourney kuwa na ƙasan layi ne. A bayan na'urar ta Shimano akwai lamba da ta fara da RD. Ɗanka ya rubuta ta a Google, za ta nuna muku zamanin keken. Taya inci 26 da birkin da ke kama gefen wili su ma alamun tsufa ne, ko da yake kekuna masu araha har yanzu da su suke fitowa. In firam ɗin alminiyon ne, haska wurin walda da tocila ka nemi tsaga. Ƙarfe mai walda na bakin titi zai gyara maka, alminiyon da ya tsage kuwa ya zama kayan gwangwan.

Yanzu maganar kuɗi, kuma a nan zan ɗan rage wa ɗanka zumuɗi. Farashin da ya gani galibi kuɗin da mai kaya ya yanka ne, ba wanda aka sallama ba. Ya shiga shafin saye da sayarwa na eBay ya zaɓi jerin kayan da aka riga aka sayar, lissafin zai sauka. Ka kuma tuna kayan kwantena sun bi ta hannaye da yawa kafin su iso ka, kuma masu lodi a can su ma suna da waya. A cikin 14 ɗin nan, in ka sami ɗaya ko biyu na gaske ka gode wa Allah. Ko su ɗin, aika cikakken keke waje ba wasa ba ne: kwali ne ƙato, kuɗin jirgi yana bin girma da nauyi, ga wahalar karɓar kuɗi daga can, ga mai saye da bai san ka ba yana ɗari-ɗari. Sau da yawa ribar a hanya take ƙarewa. Ni ban ba ka shawarar ka kulle jarinka wata shida kana jiran Baturen da ba ka taɓa gani ba.

Ga abin da zan yi da ni ne. Waɗanda suka faɗi jarrabawa, ka gyara ka sayar cikin makon nan kamar kullum, kuɗinka ya juya. Fenti a kansu ba laifi, amma kada a manna sitikar Trek a keken da ba Trek ba. Wannan algus ne, kuma masu saye sun fara wayewa. Na tsakiya, irin su Rockhopper da Trek 820, wanki da sabulu da sabon giris da sabuwar waya ta birki sun ishe su. Ka bar musu fentinsu ko ya koɗe, ka ɗora musu kuɗi sama da na sauran, ka gaya wa mai saye dalili: firam ne mara nauyi mai jure hanya, kuma taya da tub na inci 26 ba sa wuyar samu a kasuwanninmu. Masu hawan keke don motsa jiki a Abuja da Legas da Jos sun san sunayen nan, kuma aika musu a mota ba ya cin riba.

Na saman kuwa, ɗaya ko biyun, ka ɗauki hotonsu da rana: gefen da kaca take, tambarin gaba, lambar da ke ƙarƙashin firam inda feda ke juyawa, da duk wani rauni, ba tare da ɓoye komai ba. Ka yanka musu wa'adi, misali wata biyu. In firam ya lalace amma kayan XT ɗin suna da rai, kwance su ka sayar daban, sun fi sauƙin aikawa nesa. In wa'adin ya cika ba wanda ya taya da kyau, ka sallama wa na gida, ka sa kuɗin a kwantena ta gaba, kuma wannan karon ɗanka ya tsaya a bakinta da wayarsa tun ranar da za a buɗe.