Katakon da ke cikin bangon Gidan Nasif

Ɗana, ka tambaye ni me katako ke yi a kwance cikin bangon dutse a Gidan Nasif, kuma me zai hana a zare wanda ya ruɓe a cike gurbinsa da siminti a huta. To, kada ka kuskura maginan Balad, tsohuwar unguwar Jidda inda gidan yake, su ji wannan daga bakinka.

Dutsen nan mangabi ne, na murjani, daga gaɓar Bahar Maliya ake saro shi. Kankare shi da farce ka ga yadda gari ke zuba. Ba shi da nauyi, ga sanyi a ɗaka, amma ba ya jure danniya, kuma mashayin ruwa ne. Shi ya sa in an jera sahu biyar ko shida sai a shimfiɗa katako, a ci gaba da gini a kai. Katakon ke raba nauyi, ya ɗaure bango, in ƙasa ta ɗan zauna tsaga ba za ta haura sama ba. Babban amfaninsa kuwa a wajen irinmu ne masu gyara: gishiri daga gindi yake cin gini, to sai ka tokare katakon, ka zare duwatsun da suka mutu a ƙarƙashinsa, ka mayar da sababbi, benayen sama ko gezau.

Siminti kuwa toshe numfashin bango yake yi. Danshi ya rasa mafita, sai dutsen ya ruɓe ta ciki alhali fuska sumul. Na sha ɓamɓare irin wannan yaɓe in tarar da gari zalla. Nura muke shafawa, farar ƙasar nan.

Gidan ma ba na wasa ba ne. An soma shi a 1872 aka gama a 1881, aka gina wa Umar Nasif, attajiri kuma wakilin Sharifin Makka a Jidda. Da Sarki Abdul'aziz ya shigo garin a ƙarshen 1925, nan ya sauka, nan yake karɓar baƙi. Daga baya Shaihu Muhammad Nasif ya shahara da dubban littattafan da ya tara a ciki, yanzu suna Jami'ar Sarki Abdul'aziz. Yau gidan tarihi ne, unguwar kuma ta shiga jerin wuraren tarihi na duniya na UNESCO a 2014. Masu yawon buɗe ido darbejiyar ƙofar gida suke ɗauka hoto, da matakalar da ake cewa raƙumi kan hau da kaya. Ba laifi, amma kai ba ɗan kallo ba ne.

Gobe in mun bi ta kasuwar Alawi, ka tsaya ka ƙirga min sahu nawa ke tsakanin katako da katako. Ka taho da ƙaramar guduma, akwai wani bango a wurin aikinmu da nake so ka ƙwanƙwasa ka ji kukan dutsen da ya mutu.