Ƙungiyar ma'aikatan gini: leburan yini na ciki?

Malam, ka tambaya ko leburan yini yana da ƙungiyar da za ta tsaya masa idan ɗan kwangila ya hana shi kuɗinsa. Akwai NUCECFWW, wadda aka kafa a 1996 da aka haɗe ƙungiyar ma'aikatan gini da ta masu aikin katako, tana ƙarƙashin ƙungiyar ƙwadago ta Najeriya, NLC. Sai dai ƙarfinta yana manyan kamfanoni ne. A ginin unguwa, shugaban magina ya fi saurin sasanta rikici.

Kada ka fara aiki ba a yanke kuɗi gaban shaida ba, nan ake yawan cutuwa. In rauni ne, ko kuɗin da yawa, ga ofishin ƙwadago na jiharku, ko ka nemi lauya.